Wai wasan ne ya lalace ko mu ne idonmu ya buɗe?

Abban Khairat, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum yan zaure. Wani abu ya faru gidana daren jiya har yanzu yana min yawo a kai, nace bari in kawo shi nan. Baba ya zo daga Kalgo ganin likita ya kwana wajena, bayan isha'i muna zaune tsakar gida ba wuta, sai na tuna na taɓa cin karo da tsoffin wasannin Samanja, sojan nan mai ban dariya na talabijin, a YouTube, nace bari in faranta ma tsoho rai. Na jingina waya jikin flas ɗin shayi muka kewaye ta. Wlh tun kafin mutumen ya buɗe baki, ganin kakin nan da muzuran da yake yi kawai Baba ya fara dariya har da tari, sai da aka miƙo mai ruwa. Khairat kuma ko minti biyar bata yi ba tace Abba mi yasa hoton ke rawa kuma ba a jin abinda matar ke cewa, ta tashi, ƙanenta ya bi ta. Wannan bai dame ni ba, yara ne. Abinda ya dame ni shine ni kaina, ni da na sha bulala ba adadi saboda zuwa kallo gidan maƙwabta, wajen minti sha biyar na kama kaina ina son in ja shi gaba. Yatsana har ya kai kan waya, kunyar Baba ce kawai ta hana ni. To kullum muna cewa wasannin da sun fi na yanzu, ashe ko ni mai faɗin bana iya zama in kalle su. Shine nake tambaya, mi muke nema ne yanzu ga wasan kwaikwayo da iyayenmu basu nema ba?

Ɗan Jega:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba Baba lafiya. Amma gaskiya ka yi ƙoƙari da ka kai minti sha biyar hhh

Tsohon Hedimasta, Argungu:
Amin wa alaikumussalam. Abban Khairat ka taɓo inda ka yi mani ƙaiƙayi. Ku yaran yanzu ba ku san yadda abin yake ba dauri. Talabijin ta fara Kaduna tun 1962 amma mu nan labarinta kawai mukan ji ga matafiya. A 1977 anka haɗe gidajen talabijin na ƙasa anka kira su NTA, kuma lokacin babu jihar Kabi, sai 1991 anka cire mu daga Sakkwato, don haka tasharmu ɗaya tal ita ta Sakkwato. Ba ta buɗewa sai da marece, tara na dare a haɗa da Legas a yi labarai, can dare ya raba a sa taken ƙasa a rufe, allo ya koma yayyafi. Shiyyarmu gida guda ad da akwati, na wani ma'aikacin gona, baƙi da fari, mai ƙyaure na katako da aka ja a rufe har da makulli. In babu wuta a ciro batirin mota. Eriya na bisa doguwar gora, in hoto ya ɓace a tura yaro guda ya kama gorar yana juyawa mu kuma muna ciki muna ihu, juya, juya, koma baya, tsaya nan! Shi wanda anka tura bai ganin komi, sai an tashi a ba shi labari.

To mutumen da ya sha wagga wahala kafin ya ga hoto, kana jin zai tsaya yana cewa murya ba ta fita? Mu abin mamaki gare mu shine ga mutum cikin akwati yana magana da harshenmu. In Golobo mai ban dariya ya fito ko anka sa wasan Idon Matambayi, tun daga marece ake shara ana yayyafa ruwa ana shimfiɗa tabarmi, mata can gefe, maza nan, yara gaba. Ba mu neman komi ga wasa sai abu biyu, mu yi dariya, kuma in an gama a san wa ad da gaskiya. Shi kenan.

Maman Sadiq, Gusau:
Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma, wlh ka tuna min da gidan kakarmu a Kaura Namoda, mu sai an duba ƙafafunmu kafin mu hau tabarma, mai ƙura ya koma ya wanko.

Sarkin Yaƙin Zaure:
Ranka ya daɗe Baba da girmanka, amma ni dai bari in faɗi tawa. Wannan ba ƙauna bace, rashin zaɓi ne. Wanda tuwo ɗaya aka aje mai a gida dole yace yafi kowane daɗi. Mu kuma mun tashi mun tarar da kasuwa cike. Ina aji uku na sakandare muke karɓar faifan finafinan Amurka 24 da Prison Break muna kwana kansu, daga baya Jumong na Koriya ya zo, sai Ertugrul na Turkiyya da aka fassara da Hausa har tsoffi suka koma yi ma jikoki suna da sunayen cikinsa. Idon da ya ga yadda ake shirya yaƙi da dawaki ɗari a wancan, sannan ka kawo mai mutum uku zaune kan kujera ɗaya suna magana minti ashirin kamara ko motsi batayi, kace ya yi haƙuri saboda akwai darasi a ciki? Darasin in ina so ai ga malamai nan a masallaci.

Ustaz Abu Hafsa, Talata Mafara:
Kai Sarkin Yaƙi ka ji tsoron Allah. Irin wannan magana ita ta kai mu inda muke. Wasan da kake rainawa mutum zai zauna da surukinsa da ɗiyansa su kalla daga farko har ƙarshe ba wanda zai sunkuyar da kai. Yanzu fa? Rimot na hannunka kamar mai gadin ƙofa, kana jiran inda za a yi abin kunya ka canza. Magana Jari Ce da aka yi a Kaduna daga littafin Abubakar Imam, su marigayi Ƙasimu Yero, wa ya taɓa jin an yi ƙorafi kansu? Ba a banza aka kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001 ba, kuma ko a 2025 sai da ta dakatar da finafinai masu dogon zango har 22 kan batun kawo su a duba kafin a saki. Da can ba a buƙatar mai tacewa don masu yin da kansu suna da kunya.

Sarkin Yaƙin Zaure:
Ustaz gidan talabijin na gwamnati ne fa, wa zai yi abinda bai dace ba a kore shi aiki? Tacewar tana nan, cikin ofis ake yinta ba a sanarwa.

Maman Sadiq, Gusau:
Ku bari in faɗi ta ɓangaren mata don naga maza kun fara cinye zancen kamar kullum. Ni na tashi lokacin kaset, bayan Turmin Danya na 1990 abin ya fara yaɗuwa, zuwa lokacin da nake budurwa kowane lungu akwai mai bada haya. Kuma nan Gusau da aka fara shari'a a 2000 harkar sinima ta mutu, dama mu mata ba zuwa muke ba, to kallo ya dawo ɗaki, ya zama namu. A lokacin in aka nuna mace ana zaluntarta, kishiya ta yi mata asiri, uwar miji ta tsane ta, miji ya kore ta da ciki, ita kuma ba abinda take sai kuka da Allah ya isa har kaset na biyu, mu ma muna tayata kuka muna jin daɗi, a ƙarshe kishiya ta haukace a ce alhamdulillahi. Wlh yanzu in na ga irin wannan kashewa nake. Ba wai na daina imani da haƙuri bane, aa, amma na rayu na ga mata, na ga wadda aka saka da yara biyar ta kama sana'ar awara ta kai su makaranta, na ga wadda ta je kotu ta karɓo haƙƙinta. Ina son in ga irin su. Abinda yasa Dadin Kowa ya shiga ran mata da Arewa24 ta fara shi kenan, mutanen ciki kamar maƙwabtanka, gidan haya, rigimar tsakar gida, mai talla, ɗan shaye shaye, kowa ka san irinsa a unguwarku.

Sannan wani abu, idonmu ya yi kaifi yanzu ba kaɗan ba. Kwanaki ina kallon wani da ba zan faɗi sunansa ba, wai yarinya ce yar talakawa a ƙauye ubanta ko na cefane bai da shi, an tashe ta daga barci da asuba, ta ɗago kai da gashin ido na kanti da jan baki da hoda kamar mai zuwa ɗaurin aure, ga lalle sabo har gwiwar hannu. Ni da ƙanwata muka kwashe da dariya alhali wurin kuka ne. Da can wa zai lura? Ko an lura wa za a faɗa ma? Yanzu kafin a gama an ɗauki hoton wurin an watsa a Facebook.

Yar Yawuri:
Anti wlh kin faɗi gaskiya. Ni wanda yafi bani haushi mutum ya shiga ɗaki da farar shadda ya fito da ruwan toka, ko a ce bayan shekara goma amma yaron gidan bai ƙara ko taƙi ɗaya ba

Mai Tura Fim, Tudun Wada Gusau:
Ni nan ku tambaye ni don ni ke zaune da masu kallo daga safe har dare. Shekarata tara ina wannan sana'a, na fara da faifai na koma kwamfuta. Tambayar farko da kowa ke min ita ce sabo ne? Ta biyu, kashi nawa ne? Wlh in kace ma mutum fim ne guda ɗaya na awa biyu sai ya yatsina fuska kamar ka bashi canjin da bai cika ba, shi yana son abinda zai ja shi wata da watanni. Amma kuma shi ɗin ne dai zai dawo bayan sati shida yana zagin darakta wai ana ja masu rai labari baya gaba. Ka rasa mi suke so.

Ranar da na san abin ya zama jinin jiki shine watan Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Mutane na cikin tashin hankali, ba kira ba tura kuɗi, amma wlh akwai matan da ke aiko yara kullum a tambaye ni ko sabon Izzar So ya iso, ko an samo ci gaban Labarina. Sai da na riƙa ba wani direba da ke zuwa Zariya mimori yana kai ma abokina ya cika min ya dawo da shi. Ranar da ya iso shagona kamar ana rabon taki. Wata tsohuwa ta zo da kanta da hijabi har ƙasa tace ɗana sa min, in ban san yadda yarinyar nan ta ƙare ba barci baya ɗaukata.

Tsohon Hedimasta, Argungu:
To kun gani. Mu dauri wasa guda dare guda an gama, mai laifi ya sha kunya kowa ya tashi. Ko waɗanda aka yi duk mako, mutanen ne dai ka dawowa amma kowane mako da nashi labari, in ka rasa na wanga mako ba ka yi asarar komi ba. Wanga na yanzu kamar bashi ne, kullum ana bin ka.

Ɗan Kamara:
Slm. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba amma tunda an zo kan masu yi bari in kare kanmu kaɗan, don na riƙe kamara a wasu ƙananan finafinai masu dogon zango da muka yi nan gida muka ɗora a YouTube, kuma na je lokeshan Kano sau da dama.

Su na da gwamnati ke ɗaukar nauyi, kamara ta tasha, motar tasha, lokacin nunawa na tasha, ko mutum goma suka kalla ko dubu goma ba abinda ya shafe su, kuma mai kallo bai da inda zai gudu. Mu kuma kowane sati sai mun nemo kuɗin abinci da mai da hayan gida da sallamar yan wasa, kasuwar faifai ta mutu, ba wanda ke sayen fim, abinda ya rage talla ce. YouTube na biya ne gwargwadon tallar da aka gani, kuma kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa kaɗan ne in ka gwada da na wanda ke Saudiyya ko Ingila, sannan sai bidiyo ya wuce minti takwas ake iya sa talla a tsakiyarsa, in ya yi tsawo a sa da yawa. To ka gane dalilin da yasa za a nuna maka mota ta fito daga get, ta hau titi, ta sha kwana, diron ya bi ta daga sama, ta yi fakin, a buɗe ƙofa, a fito da ƙafa ɗaya. Ba wauta bace, cike lokaci ne. Ga masu maganin gargajiya da masu kayan mata da masu saida filaye, su ke biyan kuɗin da ake dafa ma yan wasa shinkafa, dole ka tsaya tsakiyar kuka a tallata maganin basir.

Wanda kuma kuke turawa a waya ta Xender ko wajen su Mai Tura Fim, afuwan ɗan uwa ba da kai nake ba, ko sisi baya zuwa ga wanda ya yi. Kenan mai kallo na son hoto irin na Turkiyya, labari irin na Koriya, tarbiyya irin ta zamanin Samanja, a kawo mai duk sati ba fashi, kuma kyauta. In aka makara da awa biyu a sakin sabon kashi ku je ku ga zagin da ake sha.

Wani abin da baku sani ba, sau da yawa ba a gama rubuta labarin ake fara ɗauka. Ana yi ana karanta kwamen. Mu akwai wani da muka shirya zai mutu a kashi na takwas, sai muka ga duk kwamen kansa ake, furodusa yace wlh ba zai mutu ba, aka maida shi dogon suma ya farfaɗo. Daga nan labarin ya karkace har muka daina bamu san inda muka dosa ba. To wa ya ɓata shi, mu ko ku?

Mai Tura Fim, Tudun Wada Gusau:
Hhh Ɗan Kamara ba komi, nima neman na tuwo nake. Amma ka sani da ba don mu ba rabin mutanen ƙauye basu san fuskar yan wasanku ba, wa ke da datar kallon awa guda tun da aka ƙara kuɗinta a 2025?

Ustaz Abu Hafsa, Talata Mafara:
Ɗan Kamara na ji bayaninka kuma na ƙaru. Amma neman kuɗi baya halatta komi.

Ɗan Kamara:
Haka ne Malam. Amma gwaji muka yi da hannunmu. Kashin da muka sa ma suna da nasiha kan zumunci, da wanda muka sa hoton mata biyu sun shaƙe juna a fuskar bidiyon, na biyun ya ninka na farkon nesa ba kusa ba. Kuma a ƙarƙashin na faɗan ne aka fi rubuta ina tarbiyya, ina faɗakarwa. Sun kalla har ƙarshe fa kafin su rubuta.

Yar Yawuri:
Wannan kam an kama mu hhh

Bawan Allah, Zuru:
Ni nawa ƙorafin daban ne kuma ban ga wanda ya taɓo shi ba. Da can in an nuna Bahaushe a talabijin kowa murna yake ko daga ina yake. Yanzu ni so nake in ga kaina. Duk finafinan nan Kano ne, Kaduna, Abuja, gidan sama da falo kamar filin ƙwallo. Yaushe aka taɓa yin labari a Zuru, ko masunta a Yawuri, ko manoman shinkafa a fadamar Argungu da Suru? Bikin kamun kifi na Argungu duniya ta san shi amma ban taɓa ganin an gina labari kansa ba. Mu nan Kebbi akwai Dakarkari da Kambari da Zabarmawa da Fulani duk muna jin Hausa muna kallo, amma a fim kamar babu mu.

Ɗan Jega:
Ka bar wannan ma. In ka ji an yi Sakkwatanci a fim to maigadi ne ko ɗan aike ko wanda aka kawo don a yi mai dariya. Ba za ka taɓa ganin likita ko alƙali yace mi kaka so ba. Sai kace mu ba mu da masu ilimi, alhali daga nan karatun ya tafi can.

Tsohon Hedimasta, Argungu:
Ɗan Jega in don wanga ne, mu ma dauri ba mu tsira ba, in gaya maka gaskiya. Wasannin namu cike suke da dariyar baƙauye da Bafillace da mai gurguwar Hausa, kuma muna ƙyalƙyatawa ba mu ga laifi ba. Bambancin kawai shi Golobo namu na, da harshenmu shika ba mu dariya, ba wani ya ara ya yi muna ba'a ba. Kuma kada ku ɗauka duk wasannin dauri masu kyau ne. Akwai na banza tuli, mantawa munka yi da su, masu daɗin kaɗai sunka rage ga zuciya.

Ummu Aisha, Tsafe:
Bawan Allah ni kuma ban yarda da kai ba, ka yi haƙuri. Kace kana son ganin kanka. Ni bana so. Mu da muke nan mun san abinda muke gani da ido, ƙanen mijina sai da aka saida gona da shanu biyu kafin ya dawo gida, har yau in babur ya wuce da dare baya iya barci. In na gama aikin gida na kwantar da yara na ɗauko waya, wlh bana son a nuna min daji ko bindiga ko mai kuka. Gidan saman nan da kuke zagi shi nake so, a nuna min falo mai sanyi da mutanen da babbar damuwarsu ita ce wa zai auri wa. Ko Gidan Badamasi in yi dariya in kwanta. Minti arba'in ne kawai nake fita daga Tsafe ba tare da na hau hanyar Funtuwa ba.

Bawan Allah, Zuru:
Allah sarki. Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan Hajiya, mu ma nan ɓangaren bamu tsira ba. Ban yi tunanin ta wannan fuskar ba gaskiya.

Maman Sadiq, Gusau:
Amin ya Allah. Ummu Aisha Allah ya ƙara mai lafiya da natsuwa.

Sarkin Yaƙin Zaure:
Amin. Amma ni ina ganin ana iya yin duka biyun. Kwana Casa'in da aka fara 2019 ai siyasa ce zalla da cin hanci da yan jarida, abinda ke damunmu ne kuma mutane suka bi shi. Matsalar ita ce in za a taɓo abu mai nauyi a iya taɓo shi, ba a sa ma yaro rawani da bindigar katako yana zare ido ba.

Ustaz Abu Hafsa, Talata Mafara:
Ni abinda Ummu Aisha ta faɗa ya tsaya min, ba maganar tsaron ba, inda tace na ɗauko waya. Kowa waya. A gidana akwai talabijin a falo amma sai ta yi sati ba a kunna ba, uwargida na ɗaki da tata, yara in sun samu sun lafe a lungu da abin kunne. Da can da ake kallo a taru, dole mai shirya wasa ya yi abinda zai dace da kaka da jika lokaci guda, shi yasa nake cewa akwai kunya. Yanzu ya san kai kaɗai ne ƙarƙashin bargo. Ina ga ba masu yin kaɗai zan riƙa zarga ba daga yau, duk da dai ban janye maganata ba.

Ɗan Jega:
A rubuta ranar yau, Ustaz ya sassauta hhh

Ustaz Abu Hafsa, Talata Mafara:
Ban sassauta ba, karanta da kyau.

Abban Khairat, Birnin Kebbi:
Jama'a na gode, ban zaci zancen zai yi nisa haka ba, sai yanzu na gama bi. Bari in baku ci gaban labari. Likita ya ce Baba ya ƙara kwana biyu, to daren yau nace bari in juya gwajin, na sa mai kashin farko na wani mai dogon zango da maman Khairat ke bi. Ya zauna tsit ya kalla, bai yi dariya ba bai yi tsaki ba. Da diron ya tashi sama ya nuno gari sai yace ikon Allah, jirgi sunka hau? Can da aka shiga wani falo yace wanga gida na wane ne, nace haya suke yi Baba, yace to. Da aka zo talla ya ɗauka cikin wasan ne, yana tambaya mi ya haɗa mai maganin da yarinyar. Aka kai ƙarshe daidai inda uban ya ɗaga hannu zai yi magana sai kiɗa ya tashi rubutu ya fara hawa. Baba yace ina sauran? Nace sai kashi na biyu. Yace to wa ad da gaskiya cikinsu? Maman Khairat tace Baba ai mu ma da muke zango na biyar bamu sani ba tukuna. Ya dube ta ya dube ni yace shekara nawa kuna bi, tace ta kusa uku. Sai ya jawo butarsa yace in sun gama ku aiko a faɗa mani.

Yanzu dai ya ce lallai in sa mai Samanja cikin wayarsa ya tafi da shi Kalgo ya nuna ma abokansa na majalisa, kuma wayar yar rakani kashi ce mai madannai. Mai Tura Fim, tana iya ɗauka kuwa?

Mai Tura Fim, Tudun Wada Gusau:
In tana cin mimori zata ɗauka, amma sai an matse shi an maida shi ƙaramin bidiyo irin na da, hoton zai ƙara dushewa. Ka kai ma duk mai turawa nan kusa da kai kace a maida 3gp, minti goma ne. Ka saya mai mimori mai giga huɗu ya isa, kuma kace su ƙara mai murya don lasifikar irin wayar bata da ƙarfi in an taru.

Tsohon Hedimasta, Argungu:
In an yi a turo mani nawa. Kuma a duba ko akwai Golobo.